Daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa da matacciyar allurar mai

Duk wanda ya saba zaman gidan gaba a motocin hayar kudancin Katsina ya san allurar mai ba ta cikin abubuwan da direba ke kallo. Da yawa daga tsofaffin Golf da Sharan da ke jigila tsakanin Dutsin-ma, Ƙanƙara, Malumfashi da Funtuwa, allurarsu ko dai ta kwanta a kan ja ba ta ko motsi, ko ta maƙale a tsakiya tun shekarun baya. A cikin birni wannan ba abin tashin hankali ba ne: in mai ya ƙare a tura mota gefe, a aiki yaro da galan. Amma Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba cikin birni ba ne. Ƙananan hukumomi ne uku da suka jingina da dazukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari, kuma shekaru ke nan mutanensu na kwana suna tashi da fargabar 'yan bindiga. A irin wannan ƙasa, inda mota ta mutu da lokacin da ta mutu magana ce ta rai.

Ta'aziyya ce ta kai ni Faskari, daga can kuma na yi niyyar wucewa Sabuwa in gaishe da ƙanwar mahaifiyata. Kaka ce, hunturu ya fara leƙowa, an kwashe masara, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Na kwana a Ƙanƙara, garin Sarkin Pauwan Katsina, wanda a da an fi saninsa da farar ƙasa da noma, sai daren 11 ga Disamba, 2020 ya sa sunansa ya zaga duniya, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. An sako yaran bayan kusan mako guda, amma har yau ba ka raba hirar mutanen garin da lissafin hanya: wace ce ta yi sauƙi, ƙarfe nawa ya kamata a fita, ƙarfe nawa ya kamata a ce an isa.

Da hantsi motarmu ta cika. Mu biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhunan masara da igiya. Da direba ya tayar, idona ya sauka kan allurar, na ga ta a kwance.

Na ce, "Direba, ka sha mai kuwa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, wannan allurar tun da motar ta zo hannuna haka na same ta. Lissafin yana kaina. Ai ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima."

Ba cika baki yake ba. Ya san lita nawa motarsa ke sha daga Ƙanƙara zuwa Funtuwa in ta ɗauko kaya, ya san nawa take sha in ta dawo wayam, ya san abin da ramuka da tsaye-tsayen shingen jami'an tsaro ke ƙara mata. Mun biya wani gidan mai a bakin gari, ya sayi lita goma da kuɗin da muka ba shi a tasha, ya ce da ɗan abin da ya kwana a tanki za mu isa har da saura. Na tambaye shi me zai hana ya cika tanki sau ɗaya ya huta. Ya dube ni kallon wanda bai san sana'ar ba. Tankin Golf yana cin kusan lita 55. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu. Direban da zai sallami kamasho, ya kai wa mai mota balas, ya bar kuɗin cefane a gida, ba shi da dubu hamsin da zai binne a tanki. Man kowane lodi daga aljihun fasinjojin wannan lodin yake fitowa. Don haka motocin nan kullum a gindin tanki suke yawo, daidai inda kuskuren lita ɗaya ke raba mota mai tafiya da mota matacciya.

Hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme tana da nata tarihin. A ƙarshen watan Agusta, 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar da ta rufe ta ga motocin haya a wancan lokaci, aka ce su zaga ta Funtuwa. Dokar ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita sayar da shi ga gidajen mai biyu kacal a kowace ƙaramar hukuma da abin ya shafa, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki, ta kuma hana a ba mota fiye da na naira dubu biyar. Ba a jima ba aka katse layukan waya a yankin. Manufar ita ce a yanke wa 'yan daji man da baburansu ke sha. A lokacin, lita tana wajen naira 165, dubu biyar kan ba ka kusan lita 30. Da lita ta haura dubu, wannan kuɗin ko biyar ba ya cikawa. Abin da doka ta tilasta a 2021, tsada ta mayar da shi ɗabi'a. Kuma tun daga wancan lokaci fetur ya zama abin tuhuma a wannan yanki: direba ba ya son a buɗe but a shinge a ga galan cike, don kada a ce wa wasu yake kai wa. Ajiyar da za ta cece shi ita ce za ta iya jawo masa tambayar da ba zai iya amsawa ba.

Mun yi nisa, gonakin dawa sun fara ba ciyayi da bishiyoyi wuri, hira ta ragu a motar kamar yadda takan ragu a wannan hanya. Muna hawan wani ɗan tudu sai inji ya yi tari, ya fizga, ya sake tari. Direba ya taka totur, motar ta amsa da ƙyar. Babu wanda ya ce uffan. Na ji wata mata a baya tana jan salati ƙasa-ƙasa. Da muka kai kan tudun ya cire giya, ya bar ta tana gangarawa da nauyinta, injin ya mutu murus, ba ka jin komai sai ƙarar taya. Allah ya taimake mu gangaren na da tsawo, kuma a gindinsa akwai ƙauye. Muka silala muka tsaya 'yan taku kaɗan daga teburin wani yaro mai sayar da mai a gora.

Sai a lokacin dattijuwar da ke bayana ta buɗe baki. "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Da rayukanmu kake lissafi?"

Ya juyo, fuskarsa duk gumi duk da sanyin safiya. "Wallahi Inna, lita goma na biya, kina gani. Lita goma ba ta taɓa ƙare mini a nan ba."

Na yarda da shi, kuma yardar ce ta fi tayar mini da hankali. Mutumin nan bai yi ganganci irin na wanda ya fito ba mai ba. Ya yi lissafi, lissafin kuma ya ginu ne a kan cewa abin da mita ta rubuta shi ne abin da ya shiga tanki. Ko famfon gidan man ne ya tauye, ko tiyo ne ke yoyo a ƙarƙashin mota, ko abin da ya zaci ya kwana a tanki bai kai haka ba, allura mai rai da ta nuna masa tun kafin mu bar gari. Da matacciyar allura babu mai iya kama mai laifi, kuma babu mai iya wanke marar laifi. Direban da ya ce lissafi na kansa, a gaskiya ya miƙa lissafin ne ga mutanen da bai sani ba.

Yaron ya kawo gora biyu da mazurari, ya ɗora tsumma a bakinsa don tace datti. Ana yawan zagin 'yan bumburutu, kuma wasunsu sun cancanta: akwai masu lotsa gindin galan don ya rage ci, akwai masu gauraya. Shi kansa galan ba ma'auni ɗaya ba ne. Na Ingila ya ɗan haura lita huɗu da rabi, na Amurka bai cika lita huɗu ba, wanda ke bakin titi kuwa robar man inji ce da aka wanke, girmanta ya danganta da kamfanin da ya yi ta. Duk da haka, a ranar na ga wata fa'ida ta gora da famfo ba shi da ita. Ana ɗaga ta sama, kowa ya ga inda mai ya tsaya, ya ga launinsa, ya ga ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Kuma a ƙauyukan da babu gidan mai, ko akwai amma an rufe shi saboda tsoro, wannan teburin shi ne abin da ke tsakanin matafiyi da kwanan daji.

A Sheme na sauka, inda hanyarmu ta faɗa babban titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi 'Yankara, Tsafe da Gusau. Daga nan babur na hau zuwa gidan makoki. Kafin mu tashi, ɗan acaɓan ya buɗe murfin tanki ya leƙa, ya girgiza babur ɗin yana sauraro, ya laluba ɗan makunnin da ke ƙarƙashin tanki ya tabbatar bai juya shi zuwa rizab ba. Wannan ɗan makunni dabara ce mai sauƙi: bututu biyu ne a cikin tanki, dogo da gajere. In mai ya sauka ƙasa da bakin dogon, injin ya yi tari, sai ka juya zuwa gajeren, ka san abin da ya rage na neman mai ne kawai. Tsofaffin direbobin manyan motoci ma suna da tasu hanyar, tankinsu a gefe yake, a zura kara a ciro a ga inda ya jiƙe. Ƙaramar mota ta zamani ba ta ba ka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wuyan tankinta a lanƙwashe yake, kara ba ya shiga, ido ba ya gani. Allurar nan ita kaɗai ce tagarta.

Na yi ta'aziyya a Faskari, ƙasar Sarkin Yamman Katsina, aka yi addu'a, aka ci tuwo. Rabin zaman makokin labarin gonakin da ba a iya nomawa ba ne, da waɗanda aka noma aka kasa kwasowa.

Washegari a hanyar Funtuwa muka wuce madatsar ruwan Mairuwa, na hango masunta a kwalekwale suna tuƙi da hannu. Su kam ba ruwansu da wannan damuwa. Amma masu jiragen ruwa na inji, musamman na yawon shaƙatawa a Amurka da Turai, sun daɗe da sanin cewa allurar mai abar zargi ce. Tankin jirgin ruwa sau da yawa yana bin siffar cikin jirgin, sama faɗi ƙasa tsuke, don haka in allura ta ce rabi, abin da ya rage bai kai rabi ba. In jirgi ya ɗauki gudu hancinsa ya ɗaga, man ya koma baya, allura ta canza magana; in igiyar ruwa ta kaɗa shi ta sake canzawa. Saboda haka masu koyar da tuƙin jirgi suke ɗora sababbi a kan ƙa'idar kashi uku: kashi ɗaya na man na zuwa ne, kashi ɗaya na dawowa, kashi ɗaya kuma ba a taɓa shi. Dalilinsu shi ne a tsakiyar ruwa babu gefen titi. A ganina tsakanin Ƙanƙara da Sheme ma babu, haka tsakanin Ɗandume da Sabuwa.

A Funtuwa, ina jiran mota ta cika, na zauna a rumfar wani mai gyaran wutar mota kusa da tasha. Na ba shi labarin jiya, sai ya jawo wani tsohon famfon mai na Golf daga cikin kwali ya nuna mini. A jikinsa akwai ɗan hannu na waya, a ƙarshensa wata roba marar nauyi da ke yawo a saman mai. In mai ya ƙaru ta tashi, in ya ragu ta sauka, gindin hannun kuma yana goga wani ɗan faranti mai layuka, wanda ke ƙara ko rage wutar da ke zuwa wajen allura. Shi ke nan duk sirrin. Ya lissafa mini yadda take mutuwa: farantin ya side saboda shekaru, musamman ta ƙasan da kullum hannun ke gogawa a motar da ba ta cika tanki, ruwa da dattin gurɓataccen mai su ci shi, robar ta huje ta nutse, waya ta tsinke ko ta yi tsatsa, ko kuma makanike ya zo canza famfo ya lanƙwasa hannun, ko ya mayar bai jona wayar ba. Ya ce wani lokaci gyaran bai wuce goge faranti da ɗaure waya ba, in ya yi tsanani a sa na gwanjo.

Na ce, "To me ya sa ba sa gyarawa?"

Ya ce, "Yallaɓai, mota ba ta ƙin tashi don allura ta mutu. Abin da ya hana ta tashi shi ake kawo mana."

Ya ƙara da abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba: famfon da ke cikin tanki, man da ya nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Motar da kullum ke gindin tanki, famfonta na zafi yana zuƙar datti, ba ya daɗewa. Kuɗin da aka ƙi kashewa a kan allura, a kan famfo ake biyan sa ninki.

Kada a ɗauka wannan sakacin talaka ne ko na wanda bai yi boko ba. Ranar 23 ga Yuli, 1983, wani sabon jirgin sama ƙirar Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi daga Montreal zai je Edmonton alhali ma'aunin mansa ba ya aiki. Ma'aikata suka auna tankunan da sanda, suka yi lissafi a takarda, amma suka rikita fam da kilo. Jirgin na bukatar kilo 22,300, aka zuba masa abin da bai kai rabin haka ba. Yana tafiya a tsayin ƙafa 41,000 mai ya fara ƙarewa, daga nan injinansa biyu suka mutu. Gwanintar matuƙan da kiyayewar Allah ce ta sa suka silalo da shi zuwa wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli, mutum 69 da ke ciki duk suka tsira. Ƙwararru ne, lissafi suka yi, lissafin kuma ya ginu a kan ma'aunin da ba daidai ba. Abin da ya same mu a gangaren nan ke nan.

Daga Funtuwa muka ɗauki hanyar Ɗandume. Kasuwar hatsin garin ta cika da masara da shinkafa, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Na tsaya kallon wani mai awo: ya cika tiya, ya tsora ta, ya juye a buhu, mai saye na tsaye yana ƙirgawa tare da shi. In tiyar ta lotse kowa zai gani, in hannun mai awo ya yi wayo za a yi magana nan take, in gardama ta yi tsawo akwai sarkin kasuwa. Manomin da ba zai yarda a tauye masa tiya ɗaya ba, shi ne zai je gidan mai da kuɗin masarar, a zura tiyo a tankinsa, ya kalli lambobi suna gudu, ya biya ya tafi. Ba shi da hanyar ganewa. Musulmin wannan ƙasa ba ya bukatar a koya masa girman laifin tauye mudu. Sura ta 83 a Alƙur'ani, Muɗaffifina, da sunan masu tauyewar aka kira ta, kuma kowane ɗalibin allo ya ji labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana. Doka ma ba ta yi shiru ba. Akwai sashen awo da ma'auni a ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, akwai hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar DPR, kuma jami'anta na da gwangwanin gwaji mai sanannen ci, wanda in an zuba mai a ciki nan take ake gane famfon da aka taɓa. Sukan rufe gidajen mai a manyan birane, a nuna a talabijin. Inda aka fi bukatar gwangwanin nan shi ne garuruwan da ke bakin daji, domin lita ɗaya da aka tauye a Katsina asarar kuɗi ce, a nan kuwa tana iya zama asarar mutum. Kuma gwajin kariya ne ga masu gidajen mai na gaskiya, waɗanda suka jure suka ci gaba da sayarwa a wuraren da wasu suka tsere, amma ake musu kuɗin goro da zargi.

Motar da ta kai ni Sabuwa tsohuwa ce tuɓus, ƙofarta ma da igiya ake riƙe ta, amma allurarta na aiki, tana ɗan sama da rabi. Direban dattijo ne. Ya ce ya taɓa sayar da tunkiya ya cika tanki sau ɗaya, tun daga ranar kuma abin da ya ƙone a kowane zuwa shi yake mayarwa. Kuɗin man da yake kashewa a rana daidai yake da na abokan sana'arsa. Bambancin kawai shi a saman tanki yake yawo, su a gindi. In aka ce hanya ba kyau a juya, yana da man juyawa. In aka ce a zaga, yana da na zagaye. Bai taɓa jin labarin ƙa'idar masu jirgin ruwa ba, hanyar Sabuwa ce ta koya masa. Mun isa kafin la'asar, na sami Inna lafiya, ta sa aka dama mini fura.

Ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Ƙanƙara, Sheme, Funtuwa, Ɗandume da Sabuwa: ku ne ke rubuta layi, ku ne ke cewa wannan ta yi lodi waccan ta jira. Ku sa allurar mai cikin abin da ake dubawa kafin a ba mota fasinja, yadda ake duba taya da birki, ku kuma nemi hukuma ta riƙa kawo gwangwanin gwaji gidajen man da mutanenku ke sha. Kai kuma mai karatu, in ka shiga mota za ka bi ɗaya daga hanyoyin nan, ka leƙa gaban direba kafin ka biya. In ka ga allurar a kwance, ka tambaye shi a gaban kowa, tun mota na cikin tasha.